LISSAFIN DAMA-DAMA DA AWON LAFIYAR MUHALLI

Jawabin Wayar da Kan Jama'a, da Misali daga Bolewa ta Garin Potiskum

 Manufar wannan jawabi ita ce a bayyana wata dabara ta lissafi wadda masana ke amfani da ita wajen auna lafiyar ruwan sha da iska da kewayen gari, a kuma nuna amfaninta ga talaka. Za a ɗauki misali da Bolewa, a cikin garin Potiskum na Jihar Yobe, amma abin da za a faɗa ya shafi kowane gari a Nijeriya inda mutane ke shan ruwan rijiya.

GARIN POTISKUM DA RUWANSA

Potiskum babban gari ne na ciniki, mahaɗar hanyoyin da suka fito daga Kano da Bauchi suka nufi Damaturu da Maiduguri. A cikin 1924 ne aka mai da hedkwatar masarautar Fika zuwa garin, kuma tun da aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno a 1991 yake ta bunƙasa. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum fiye da 200,000. Mazaɓunta goma ne, biyu daga ciki kuwa su ne Bolewa A da Bolewa B. Kasuwar shanun garin tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma.

Mutanen Potiskum da ruwan ƙarƙashin ƙasa suka dogara, watau na rijiya da na burtsatse, da wanda 'yan ga-ruwa ke kaiwa gida-gida. Ruwan nan yana kwance ne cikin wani shimfiɗaɗɗen dutsen yashi wanda masana suka laƙaba wa sunan Karekare. Yashi kuwa ba ya hana ruwa ratsawa. Wannan alheri ne, gama ta nan ruwan damina ke sauka ya cika rijiyoyi. Amma ta wannan hanya ɗin ce kuma ƙazantar masai da juji da turken dabbobi kan iya bi a hankali har ta tarar da ruwan sha, musamman inda gidaje suka cunkushe, rijiya da masai suka kusanci juna. Saboda haka tambayar da ta kamaci kowane mai gida ita ce, ruwan da iyalinsa ke sha yana da lafiya, ko kuwa ya fara ɓaci?

IYAKOKIN DA HUKUMA TA SA

A cikin 1988 aka gano gubar da wasu 'yan kasuwa suka kwaso daga Italiya suka jibge a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yanzu. Abin ya farkar da ƙasa, har Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a wannan shekara. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli. Har wa yau a 2007 aka fitar da Ƙa'idar Ruwan Sha ta Nijeriya, aka sake duba ta a 2015.

Ƙa'idar nan ta sa wa kowane abu iyaka. Sinadarin naitiret, wanda ke fitowa daga bayan gida da kashin dabbobi da takin zamani, kada ya wuce miligiram 50 a lita guda. Fuloraid, wanda yawansa ke rina haƙoran yara, kada ya wuce 1.5. Ƙarfe, mai sa ruwa ja da ɗanɗanon tsatsa, kada ya wuce 0.3. Dalma kada ta wuce 0.01. Dagulewar ruwa kada ta wuce awo 5. Ƙwayar cutar nan ta bayan gida kuwa, wadda likitoci ke kira Ikolai, ba a yarda a sami ko guda ba a cikin mililita 100.

Waɗannan iyakoki suna nan daram, kuma lalle ne a bi su. Da su alƙali zai yi hukunci.

INDA IYAKA GUDA TAKAN GAZA

A ƙaddara an ɗebo ruwa daga rijiyoyi huɗu a Bolewa, aka kai ɗakin gwaji don a auna naitiret. Ta farko ta ba da 5, ta biyu 49, ta uku 51, ta huɗu 200. Waɗannan alƙaluma na misali ne kawai. In an bi iyakar 50 ita kaɗai, takarda za ta ce ta farko da ta biyu sun ci, ta uku da ta huɗu sun faɗi.

To, kowane mai hankali zai ga akwai gyara. Rijiya mai 49 da mai 51 kusan ruwa guda ne, har ma in an sake gwajin gobe suna iya musayar wuri, gama na'ura takan yi ɗan kuskure, ruwa kuma yakan sauya tsakanin rani da damina. Amma an raba su, ɗaya an wanke ta, ɗaya an kama ta. A gefe guda kuma an haɗa mai 5 da mai 49 a aji ɗaya, alhali tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Haɗarin ya fi fitowa fili in aka dubi rijiya guda shekara uku a jere. A ce shekarar farko ta ba da 20, ta biyu 30, ta uku 40. Sau uku takarda za ta ce ruwan ya ci. Ba wanda zai motsa, sai ran da aka wayi gari ta tsallake 50. Ruwa kuwa ba ya tsami banza: akwai masai ko juji da ke zuba wa rijiyar ƙazanta tun shekarar farko. Wanda ya fi cutuwa shi ne jariri ɗan watanni da ake dama wa madara da wannan ruwa, domin naitiret yana hana jininsa ɗaukar iska yadda ya kamata, har leɓunansa su yi shuɗi. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da naitiret, sai ma ta ƙara masa ƙarfi in ruwan ya ƙone.

MENE NE LISSAFIN DAMA-DAMA?

Dillalin shanu a karar Potiskum ba ya raba shanu gida biyu, mai ƙiba da ramamme, ya tsaya nan. Yakan ce wannan ya cika, wannan ba laifi, wannan da dama-dama, wancan ya fara zubewa, kuma kowanne da kuɗinsa. Haka manomi ke faɗin damina, haka uwargida ke faɗin zafin ruwan wankan jariri. Harshen mutane cike yake da matakai tsakanin i da a'a. Lissafin makaranta ne ya daɗe bai san da su ba: a wurinsa abu ko yana cikin aji ko ba ya ciki.

A cikin 1965 wani shehun malami na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, mai suna Lutfi Zade, ya nuna yadda za a sa waɗannan matakai cikin lissafi. An haife shi a birnin Baku a 1921, ya yi karatu a Tehran, ya rasu a 2017. Abin da ya kawo shi ne, abu yana iya shiga aji gaba ɗaya, ko rabi, ko rubu'i, ko kuwa kowane gwargwado tsakanin sifiri da ɗaya. Turawa suna kiran dabarar da kalmar fazi, watau abin da bakinsa ya yi dishi-dishi. A wannan jawabi za a kira ta lissafin dama-dama.

Da farko masana da yawa sun raina ta. Amma a 1975 wani malami a Landan, Ibrahim Mamdani, haifaffen Tanzaniya, shi da ɗalibinsa suka sarrafa ƙaramin injin tururi da dokoki irin na baka, kamar a ce in zafi ya yi yawa a rage wuta kaɗan. A 1987 kuma aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Sendai a Japan, wanda ke tashi da tsayawa bisa wannan lissafi.

Ta fuskar ruwa, a wannan shekara ta 1965 ɗin ce wani injiniya a Amurka mai suna Horton ya kawo shawarar a tattara sakamakon gwaje-gwajen ruwa a mai da su maki guda, kamar yadda malami ke tattara jarrabawar yaro. A 1970 aka fitar da wani ma'auni mai haɗa abubuwa tara. Daga baya masana suka haɗa dabarun biyu. A 2006 an auna ruwan Kogin Ebro na ƙasar Sifen da lissafin dama-dama, a 2009 kuma aka yi haka a wani kogi na Barazil.

YADDA AKE BA DA MAKI

Mataki na farko shi ne masana su zauna su ja iyaka biyu maimakon guda. A ce sun yarda cewa naitiret daga 10 zuwa ƙasa ruwa ne mai kyau sarai, makinsa 100. Daga 50 zuwa sama kuwa, inda doka ta hana, makinsa sifiri. Tsakanin 10 da 50 sai maki ya riƙa sauka a hankali, kowane miligiram guda ya ci maki biyu da rabi. Iyakar 50 ta doka ce, ta 10 kuwa an zaɓe ta ne don misali.

Bisa wannan, rijiya mai 5 ta sami 100. Mai 30 ta sami 50, watau rabinta tana ajin ruwa mai kyau, rabinta tana ajin abin tsoro, a lokaci guda. Mai 49 ba ta kai maki 3 ba, don haka ta koma kusa da 'yar'uwarta mai 51, inda ya dace da ita. Ana kuma iya buɗe wani aji na haɗari mai tsanani sama da 50, don a bambance mai 51 da mai 200.

Rijiyar nan da ta ba da 20, da 30, da 40 kuwa, makinta zai zama 75, sa'an nan 50, sa'an nan 25. Ko wanda bai yi makaranta mai zurfi ba, in ya ga waɗannan alƙaluma a jere ya san rijiya tana mutuwa, kuma da sauran lokacin ceto ta.

YADDA AKE HAƊA MAKI

Ba naitiret kaɗai ake aunawa ba, saboda haka sai an haɗa maki da yawa su zama guda. A nan ne ake bukatar lura ƙwarai. A ce wata rijiya ta sami 50 a naitiret, 75 a dagulewa, 90 a ƙarfe. In an tara an raba uku, kamar yadda ake yi a makaranta, za a sami kusan 72, mai karatu ya ce ba laifi. A ce kuma wata ta sami 90, da 90, da sifiri. In an tara an raba, ta sami 60, ta ci ke nan, alhali akwai abu guda a cikinta da ya keta doka. Kyawawan biyun sun rufe mugun ɗayan.

Lutfi Zade ya ba da ƙa'idar da ke maganin wannan. In ana son ruwa ya zama mai kyau ta fuskar naitiret, da dagulewa, da ƙarfe duka, to makin da ya fi ƙanƙanta shi ne makin ruwan. Rijiya ta farko 50 ke nan, ta biyu sifiri. Hausawa sun riga sun faɗa, wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Bayan wannan akwai dokoki irin na Mamdani, waɗanda ake rubutawa da harshen mutane. Alal misali: in naitiret yana da dama-dama, masai kuma yana kusa, to haɗari babba ne. In ƙarfe ya yi yawa amma sauran abubuwa lafiya, to haɗari kaɗan ne, gama ƙarfe ya fi ɓata launi da ɗanɗano da tufafi. Likita da injiniyan ruwa da duba-gari su ke tsara dokokin tare, kwamfuta kuwa ta yi lissafin, ta fitar da maki guda daga sifiri zuwa 100.

ABUBUWAN DA BA SU DA DAMA-DAMA

Tilas ne a ja kunne a nan. Akwai abubuwan da ba a yi musu matakai. In an sami ƙwayar Ikolai a ruwa, alama ce bayan gida ya shiga, kuma hanyar da ta bi ita ce kwalara da taifot za su bi. A 2021 mutum fiye da 100,000 aka ba da rahoton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, akasarinsu a jihohin Arewa. Haka kuma dalma: a 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje.

Saboda haka duk ma'aunin kirki yana da doka ta farko wadda ke gaba da sauran: in an ga Ikolai, ko dalma ta wuce iyaka, makin ruwan sifiri ne, kome kyan sauran abubuwa. Lissafin dama-dama bai zo don ya sassauta doka ba. Aikinsa yana can ƙasa da iyakar doka, inda yake yin gargaɗi tun ba a kai gare ta ba.

ABIN DA IDO DA HANCI SUKA SHAIDA

Muhalli ya wuce ruwa. Akwai iska, wadda a hunturu takan cika da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga hayaƙin manyan motoci da na ƙona juji. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙura mai laushi ta wuce maikrogiram 45 a kowace mita kubik ta iska a yini guda, wadda ta fi ta laushi kuma kada ta wuce 15. Ana iya yi wa waɗannan matakai kamar yadda aka yi wa naitiret.

Akwai kuma abubuwan da ba su da na'urar awo, kamar warin kwata, da cushewar lambatu, da girman juji, da yawan ƙudaje kusa da masu sayar da abinci. Tsohon lissafi yakan bar su waje don ba su da alƙaluma. A shekarar 2000 wani masani mai suna Wiliyam Silbat ya bayyana yadda za a shigar da irin wannan shaida, inda ya yi misali da abin da masu nutso ke gani a ƙasan teku ƙarƙashin gonakin kifi. In duba-gari ya rubuta cewa lambatu ya cushe kaɗan, ko ya cushe ƙwarai, ko yana gudu sarai, kowace kalma tana da makinta. Ta haka shaidar ma'aikaci da ta mai unguwa za su zauna tare da sakamakon ɗakin gwaji, a fitar wa kowane layi na Bolewa makinsa.

AMFANINSA GA HUKUMA

Kuɗin ƙaramar hukuma ba ya isa a gyara kome a lokaci guda. In rijiyoyi 30 duk takarda ta ce sun ci, ba a san ta inda za a fara ba, sai a fara ta inda aka fi surutu ko inda wani babba yake. In kuwa kowace tana da makinta, sai a jera su, a fara da mafi ƙanƙanta da wadda makinta ke sauka da sauri. Ana iya zana taswirar unguwa, a shafa kore da rawaya da ja, a manna a ofishin ƙaramar hukuma da ƙofar mai unguwa, kowa ya gani.

Amma akwai sharuɗɗa uku. Na farko, lissafi ba ya maye gurbin awo. In ba a ɗebi ruwa an gwada ba, babu abin da za a lissafa. Ya kamata a gwada aƙalla sau biyu a shekara, a ƙarshen rani da tsakiyar damina. Na biyu, mutane ne ke jan iyakoki da tsara dokoki, don haka wajibi ne a bayyana su a fili, kada wani ya matsar da iyaka a ɓoye don rijiyarsa ta ci. Na uku, a riƙa buga ainihin sakamakon gwaji tare da maki, domin maki yana faɗin akwai ciwo, sakamakon gwaji ne ke faɗin irin ciwon. Manyan makarantun jihar, kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum, da Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wurare ne da ya dace a horar da matasan da za su riƙe wannan aiki.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA JAMA'A

Ana roƙon masu gidaje su ba ma'aikatan lafiya haɗin kai in sun zo ɗibar ruwa don gwaji, su kuma nemi a faɗa musu sakamako. Mai haƙa sabon masai ya nisanta shi da rijiya kamar mita 30, in fili bai kai ba ya nemi shawarar duba-gari kafin ya sa diga. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi da daɓen siminti, a rataye guga kada a bar shi a ƙasa. Kada a turke dabbobi ko a tara juji kusa da ita. 'Yan ga-ruwa su riƙa wanke jarkokinsu. Mata masu goyo su shayar da nono zalla har wata shida, gama wannan yana kare jariri daga ƙwayoyin cuta da naitiret baki ɗaya.

In ruwa ya sauya launi ko ɗanɗano ko wari, ko aka ga gudawa ta yawaita a layi guda, a gaya wa mai unguwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma ba tare da jinkiri ba. Masu unguwanni da malaman makaranta kuma su taimaka wajen karanta wa jama'a wannan bayani. Gyaran bakin rijiya mai maki 50 ya fi sauƙi da araha a kan haƙa sabuwa bayan an rufe mai sifiri, rigakafi kuwa ya fi magani.